Ciwon damuwa: Yadda na zaga Kano neman littafin da zan karanta wa ƙanwata

Ranar da ƙanwata ta cika kwana 40 da haihuwar ɗanta na fari, maimakon a shiga shirin mayar da ita ɗakinta, sai gidanmu da ke Badawa ya cika da 'yan dubiya.

Ba zazzaɓi take yi ba, kuma jininta bai hau ba. Ta dai daina cin abinci, kunun kanwa sai ya huce a gabanta ba ta taɓa ba. Idan jaririn ya yi kuka sai ta zuba masa ido kamar ɗan wata. Da dare ba ta runtsawa, da rana kuma ba ta son kowa ya shigo ɗakin.

Kowa ya zo da tasa fassarar. Gwaggonmu ta ce iska ce ta shafe ta a wajen wankan jego na yamma. Wata maƙwabciya ta ce baki ne, tun da hotunan suna sun zaga waya. Dangin mijin kuma suka fara raɗe-raɗin cewa zaman auren ne ba ta so.

Wata rana da asuba na same ta zaune a bakin gado, sai ta ce da ni, "Yaya, wallahi ba wanda ya yi min komai. Ni ma ban san me yake damuna ba. Ina ganin yaron nan zai fi jin daɗi idan ba ni."

Wannan maganar ce ta sa muka daina jayayya muka kai ta asibiti. Likita ya saurare ta, ya ce ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ya rubuta magani, ya ba da ranar dawowa. Bayan mun dawo gida Hajiyarmu ta kira ni gefe ta ce, "To wai shi wannan ciwon a ina yake zaune a jiki? Kuma mu da muke tare da ita me za mu yi mata?"

Na kasa ba ta amsa. Washegari na fita neman littafi da Hausa wanda zan karanta wa Hajiya da ƙanwata. Wannan rahoto sakamakon wancan nema ne.

Ciwo mai yawa, likita kaɗan

Abin da ya samu ƙanwata ba baƙon abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba su ne kan gaba. Game da masu jego kuwa, hukumar ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga irin wannan hali, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. Wato a kowane taron suna biyar da aka yi a unguwa, akwai yiwuwar mai jego ɗaya tana murmushi ne kawai don idon jama'a.

Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. Wannan ne ya sa layi ke da tsawo, lokacin ganin likita kuma ke da gajarta. Mara lafiya zai samu 'yan mintuna da likita, sauran kwanakin wata kuma yana hannun 'yan uwansa, waɗanda galibi ba wanda ya taɓa yi musu bayanin ciwon.

Abin da 'yan uwan suka fahimta shi ke yanke inda za a nufa da mara lafiya. A shekarar 2004 wasu likitoci daga Kano sun wallafa wani bincike da suka yi a garin Karfi, inda suka tambayi manya 250 abin da ke jawo taɓin hankali. Kimanin kashi 34 sun ce shaye-shaye, kusan kashi 19 suka danganta shi da ƙaddara ko fushin Ubangiji, kashi 18 kuma suka ce aljanu ko sihiri. Da aka zo maganar magani, kashi 46 sun zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi addu'a da makamantanta.

Fiye da shekara 20 ke nan da wannan bincike, amma duk wanda ya zauna a ɗakin ƙanwata a waɗannan kwanaki zai ji amsoshin nan guda uku daga bakin 'yan dubiya.

Abin da na samu a Kurmi

Na fara da Kasuwar Kurmi, wajen masu sayar da littattafan addini. Da na ce ina neman littafi a kan damuwa, ba a ɓata lokaci ba aka miƙo min littattafan addu'o'i da na ruƙiyya. Cikinsu har da Hisnul Muslim na Sa'id al-Ƙahɗani, wanda kusan kowane gida yake da shi, kuma yana da babi na addu'ar baƙin ciki da ƙunci. Aka kuma nuna min La Tahzan na malamin nan na Saudiyya, A'id al-Ƙarni, wanda ma'anar sunansa ita ce kada ka yi baƙin ciki.

Waɗannan littattafai suna da amfaninsu, kuma likitan da ya duba ƙanwata bai hana ta addu'a ba, ƙarfafa mata gwiwa ma ya yi. Matsalar tana zuwa ne daga yadda wasu ke amfani da su. Sau da yawa akan miƙa wa mai ciwon damuwa littafi tare da cewa, "Ai rashin tawakkali ne." Mutumin da dama yake ganin kansa ba shi da amfani, sai a ƙara masa da cewa imaninsa ma ya yi rauni. Alhali kowa ya san yadda Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma a tarihin Manzon Allah (SAW) akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib a cikinta.

Littafin da ya fi amsa tambayar Hajiya ban same shi a kasuwa ba, a waya na ci karo da labarinsa. Marubucinsa shi ne Abu Zaid al-Balkhi, wanda aka haifa wajen shekarar 850 a yankin Balkh da ke Afghanistan ta yau, ya rasu a 934. Sunan littafin Masalihul Abdan wal Anfus, wato abubuwan da ke gyara jiki da rai. Ya raba shi gida biyu, ɗaya na jiki, ɗaya na rai, ya kuma koka da yadda likitocin zamaninsa suka mayar da hankali kan jiki kawai.

Al-Balkhi ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi ɗaya bayan ɗaya. A kan baƙin ciki ya bambanta iri biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwa ko asarar dukiya. Akwai kuma wanda ke sauka a kan mutum ba tare da wani dalili da ake gani ba, ya hana shi walwala da jin daɗin komai, wanda ya ce asalinsa daga jiki yake, don haka yana buƙatar magani na jiki tare da kyakkyawar magana. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar da ciwo zai zo ba shiri.

Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Farfesa Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya fassara ɓangaren rai na littafin zuwa Turanci a 2013 da sunan Sustenance of the Soul.

Da na yi wa Hajiya bayanin cewa wani malamin Musulunci ya faɗi haka fiye da shekara 1,000 da suka wuce, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe dai ciwo ne." Daga ranar ita ce mai tuna wa ƙanwata lokacin shan magani.

Shin karatu yana magani?

A Birtaniya an daɗe da ɗaukar littafi a matsayin wani ɓangare na jinya. A 2003 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Neil Frude ya fara wani tsari a birnin Cardiff, inda likita zai rubuta wa mai damuwa sunan littafi kamar yadda yake rubuta magani, shi kuma ya je laburare ya aro. A 2013 aka fara irin wannan tsari a faɗin Ingila, tare da jerin littattafan da masana suka tantance.

Ba kowane littafi ake rubutawa ba. Yawancinsu an gina su ne a kan hanyar jinya ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan nan na Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Fitattu a cikinsu akwai Feeling Good na David Burns da ya fito a 1980, da Mind Over Mood na Dennis Greenberger da Christine Padesky da ya fito a 1995.

Tushen hanyar mai sauƙin ganewa ne. Abin da mutum yake tunani, da abin da yake ji a ransa, da abin da yake aikatawa, kowanne yana jan ɗan uwansa. Mai jego ta yi tunanin cewa ita ba uwar kirki ba ce, sai ranta ya ɓaci, sai ta janye jiki daga jaririn da mutane. Janyewar kuma sai ta zama mata hujjar cewa lallai ita ba uwar kirki ba ce. Haka abin zai ta zagayawa yana ƙara zurfi.

Littattafan suna koya wa mutum yanke wannan zagaye ta wuri biyu. Na farko, ya rubuta tunanin da ke damunsa a takarda, ya tambayi kansa mece ce hujjar da ke goyon bayansa, mece ce kuma ke ƙaryata shi, kamar yadda alƙali ke sauraron ɓangare biyu. Na biyu, ya tsara wa kansa ƙananan ayyuka ya yi su ko da bai ji sha'awa ba, domin a ciwon damuwa sha'awar takan biyo bayan aikin ne. Wanda ya ce sai ya ji daɗi zai fita, zai daɗe a ɗaki.

Masana sun yi ittifaƙin cewa irin wannan karatu ya fi amfani ga damuwa mai sauƙi ko matsakaiciya, kuma ya fi tasiri idan akwai wani da ke bibiyar mai karatun, ko ma'aikacin lafiya ko wani na kusa da ya fahimci abin.

Na kyauta da ke cikin waya

Littattafan da na ambata suna da tsada idan an same su, kuma da Turanci suke. Amma akwai wasu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a intanet kyauta, waɗanda duk mai waya zai iya saukewa.

Na farko shi ne Doing What Matters in Times of Stress, wanda ya fito a 2020, lokacin annobar korona. Ɗan ƙaramin littafi ne mai zane-zane da gajerun jimloli, an kuma haɗa shi da sautuka da ake saurara. Ya ƙunshi darussa biyar: yadda mutum zai dawo da hankalinsa inda yake idan tunani ya ɗauke shi, yadda zai kuɓuce daga ƙugiyar mugun tunani, yadda zai yi aiki da abin da ya ɗauka da muhimmanci a rayuwa, yadda zai tausaya wa kansa da wasu, da yadda zai bar wa ɓacin rai wuri ba tare da ya yi ta kokawa da shi ba.

Darasin farko shi muka fi amfani da shi a gida. Idan zuciyar ƙanwata ta fara bugawa da ƙarfi, sai in ce ta fitar da numfashi a hankali, ta danna ƙafafunta a ƙasa, sannan ta faɗa min abubuwan da take gani a ɗakin da sautukan da take ji, ko kukan injin markaɗen maƙwabta ne ko ƙarar Adaidaita Sahu a titi. Cikin minti biyu ko uku sai numfashinta ya daidaita. Bai warkar da ciwon ba, amma ya ba ta abin riƙewa a lokacin da abin ya taso.

Na biyu shi ne Thinking Healthy, wanda hukumar ta fitar a 2015 musamman domin masu ciki da masu jego. Asalinsa daga wani aiki ne da Farfesa Atif Rahman ya jagoranta a ƙauyukan Rawalpindi da ke Pakistan, inda aka horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa zama da masu damuwa a gidajensu. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Lancet a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida kashi 23 ne kawai na matan da aka yi wa wannan zama suke da sauran ciwon, yayin da a ɗaya rukunin adadin ya kai kashi 53. Littafin ya mayar da hankali kan abu uku: lafiyar uwar, alaƙarta da jaririn, da alaƙarta da mutanen da ke kewaye da ita. Al'ummar da aka gwada shi a cikinta Musulmi ne masu zama da dangi, don haka misalansa ba su yi nisa da namu ba.

Na uku ba na hukumar ba ne, amma shi ma kyauta ne. Sunansa Where There Is No Psychiatrist, wato inda babu likitan ƙwaƙwalwa, na Farfesa Vikram Patel ɗan ƙasar Indiya. Ya fara fitowa a 2003, aka sake fitar da shi a 2018 tare da Charlotte Hanlon. An rubuta shi ne domin ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma an tsara shi bisa ƙorafin da mara lafiya ke zuwa da shi, kamar rashin barci, yawan gajiya, ciwon jiki da aka kasa gano dalilinsa, ko yaron da ya daina magana. Duk ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi da malamin makaranta ya kamata a ce yana da shi a wayarsa.

A cikin gida Najeriya ma akwai waɗanda suka rubuta labarin kansu. Betty Irabor, mai mujallar Genevieve, ta ba da labarin shekarun da ta yi tana fama da ciwon damuwa a littafinta Dust to Dew na 2018. Bassey Ikpi ita ma ta rubuta nata a 2019 a kan lalurar da ke sa mutum ya riƙa kaiwa da komowa tsakanin matsanancin kuzari da matsanancin ƙunci. Amfanin irin waɗannan shi ne mai ciwo ya ga cewa wasu sun shiga, sun kuma ci gaba da rayuwa.

Ina na Hausa?

Nan ne gizo ke saƙar. Duk abin da na lissafa sai da na zauna na fassara wa Hajiya da baki, shafi bayan shafi. A shagunan littattafai da na shiga, daga cikin gari har Sabon Gari, ban yi dace da littafi ko ɗaya da Hausa da ke bayanin ciwon damuwa a likitance ba.

Kuma ba masu karatu aka rasa ba. Kano ce cibiyar littattafan Hausa na zamani tun shekarun 1980, kuma marubuta irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu sun daɗe suna rubuta ƙuncin da mata ke shiga a gidan aure, kamar yadda ta yi a Alhaki Kuykuyo Ne. Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ke karɓar labaran mata, da yawansu a kan baƙin ciki da cin zarafi da rashi. Yau kuma dubban mata suna bin littattafai a WhatsApp, ko suna sauraron karatunsu a rediyo da YouTube suna aikin gida.

Wato marubutanmu sun iya zana ciwon. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin da jarumar za ta je asibiti, a faɗa mata sunan abin da ke damunta, ta sha magani, ta warke. Galibi a littafi da fim, wanda hankalinsa ya taɓu ko dai asiri aka yi masa, ko alhaki ne ya kama shi, ko kuma abin dariya ne.

Ko kalmomin ma suna buƙatar aiki. Kalmar damuwa ita muke amfani da ita ga wanda ya rasa kuɗin cefane da kuma wanda ya yi wata uku ba ya barci. Kalmar hauka kuma ta yi nauyin da ba mai son a jingina masa, shi ya sa mutane ke gudun asibitin ƙwaƙwalwa ko da suna buƙatarsa.

A yanzu abin da ya fi kusa da cike wannan giɓi shi ne rediyo. Shirye-shiryen lafiya irin su Lafiya Zinariya na BBC Hausa da Lafiya Jari Ce na RFI Hausa, da waɗanda gidajen rediyon Kano ke gayyato likitoci, su ne inda mutane da yawa suka fara jin cewa damuwa ciwo ce mai magani. Sai dai shiri yana wucewa, littafi kuwa yana nan a ƙarƙashin matashi har ƙarfe ukun dare, lokacin da mai ciwon ya fi buƙatarsa.

A yi hattara kuma da abin da ke yawo a TikTok da Facebook. Duk wanda ya ce yana da magani ɗaya da ke warkar da damuwa da sihiri da basir a mako guda, kuɗinka yake nema. Haka nan sayen ƙwayar barci a kemis ba tare da takardar likita ba ya jefa mutane da dama cikin wata sabuwar matsalar.

Inda littafi ya tsaya

Akwai matakin da karatu ba ya wadatarwa. Idan ƙunci ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu kusan kullum, tare da rikicewar barci ko cin abinci, ko kasa yin ayyukan yau da kullum, to lokacin ganin likita ya yi.

Idan kuwa mutum ya fara maganar mutuwa ko cewa gara ba shi, ko yana jin muryoyi, ko yana ganin abin da ba wanda ke gani, ko ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba yana ta surutu, ko mai jego ta fara tunanin cutar da kanta ko jaririnta, wannan ba ya jiran gobe. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makamai daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Tambayar mutum kai-tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. A maƙwabta akwai na gwamnatin tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Wanda bai san ta inda zai fara ba, ya je asibitin da ya fi kusa da shi ya nemi a tura shi. A kuma sani cewa maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a daina shi rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba.

Doka ma yanzu tana bayan mara lafiya. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙi da mutuncin masu wannan lalura. Wannan ya biyo bayan shekarun da aka yi ana gani da ido, ciki har da 2019 lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa da Daura, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da yawa sun kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ne saboda ba su san wata hanyar ba.

Abin da za a iya yi

Ba sai an jira likitoci sun yawaita ba. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro da ke Abeokuta, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da ɗan uwansa, suna zuwa asibiti da rana. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. A Borno, gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara unguwanni a cikin Keke Napep domin waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita.

Duk waɗannan sun dogara ne da mutanen gari da aka ba su ilimi cikin harshensu. Kano tana da duk abin da ake buƙata. Jami'ar Bayero tana da masana Hausa da fassara, tana kuma da likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai marubuta da maɗaba'u da masu karanta littafi a rediyo. Laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello, wanda ba shi da nisa da Badawa, zai iya ware kanta guda ta littattafan da likitoci suka tantance. Ɗan littafi mai shafi 40 da Hausa, da boko da ajami, tare da sautinsa da za a tura a WhatsApp, zai shiga ɗakunan da likita ba zai taɓa shiga ba.

Ƙanwata ta koma ɗakinta bayan wata huɗu. Har yanzu tana zuwa ganin likita, kuma akwai ranakun da abin ke ɗan dawo mata. Tana da wani littafin rubutu mai shafi 60 da take rubuta tunaninta a ciki, hujja a dama, hujja a hagu.

Kwanan baya wata maƙwabciyarmu ta shigo wajen Hajiya da maganar 'yarta da ta haihu a Hotoro, wadda ita ma ta daina cin abinci. Ina daga tsakar gida na ji Hajiya tana ce mata, "Ku yi mata addu'a, amma gobe da safe ku kai ta asibiti. Ciwo ne, kuma yana da magani." Sai matar ta tambaya ko akwai wani littafi da za ta kai wa mijin yarinyar ya karanta, don shi ne bai yarda ba.

Hajiya ta leƙo ta kalle ni. Takardun da na yi ta fassara mata da biro su na ɗauko na ba matar, na ce ta yi hoton su ta dawo min da su.